Hitar gas a ɗakin Inna: hunturu biyu muka yi da ita, ga yadda na same ta

Mu nan Filato in ka ce ma mutumin Kano ko Sakkwato kana kunna hita a ɗaki sai ya ɗauka fankama ce, sai ranar da ya kwana garinmu cikin Disamba ya tashi alwalar asuba ya taɓa ruwan buta sannan zai gane me muke nufi. Ƙauyenmu tsohon barikin kuza ne, in ka baro Bukuru ka kama hanyar Barikin Ladi sai ka ratse ka bi birji. Ita Jos kanta tudunta ya haura mita 1,200 daga teku, toh mu kuma a fili fetal muke ba abinda ke tare mana iska, ga kududdufan da kamfani ya haƙa ya tafi ya bari sun zagaye mu ta ko'ina, da asuba zaka ga tururi na tashi a kan ruwan kamar an ɗora tukunya, iskar ta kwaso wannan sanyin ta shigo mana dashi har kan gado.

Gidan da muke ciki irin ɗakunan leburan kamfani ne na da, a jere, kwano ba silin. Kakanmu daga ƙasar Kano aka kawo shi lokacin aikin tilas na yaƙin duniya na biyu, wajen 1942, Inna har yau tana bada labarin da ta ji a bakinsa, yadda mutane suka zo da riga ɗaya a wuya ba bargo ba komai sanyi da ciwo suka riƙa kwasarsu. Baba Allah ya jiƙansa a kamfanin kuza na ATMN ya yi aiki har kasuwar kuza ta faɗi a 1985 komai ya watse. Su turawan kamfani gidajensu na Rayfield da murhun ɗumama ɗaki aka gina su harda bututun da hayaƙi ke fita ta sama, lantarki kuma tun 1929 kamfanin wuta na NESCO yake kawo musu daga madatsar ruwan Kurra. Lebura kuwa kasko ne nashi, ka zuba gawayi ka fifita ya zama garwashi ka shigo dashi ɗaki ka rufe ƙofa, haka kakanmu yayi haka Baba yayi haka muka taso muka gani, kuma wallahi bamu taɓa ɗaukar shi a matsayin abin tsoro ba.

Sai wata ranar Janairu shekara biyu da suka wuce. Inna ta haura saba'in ga sanyin ƙashi yana damunta, tana kwana da ƴata mai shekara tara, daren nan anyi muku-muku na gaske sai ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma ta toshe taga ta ƙara gawayi a kasko kafin su kwanta. Na dawo daga masallaci na ga ƙofarsu a rufe, ita da take riga kowa tashi. Na buga na buga shiru, da ƙyar yarinyar ta jawo jiki ta zare sakata, tana fitowa ta durƙusa tana amai tana cewa Baba kaina kaina. Inna kuwa ta buɗe ido amma ta kasa ɗaga kai daga filo, nace Inna lafiya, tace Auta jiri nake ji kamar ɗakin na juyawa. Muka ciccibo ta muka fito da ita tsakar gida cikin bargo, aka kira wata maƙwabciyarmu nas, tana leƙa ɗakin ta ga kaskon tace maza asibiti. Ita ce ta min bayani a hanya, wai gawayi in yana ci a ɗakin da iska bata shiga wata guba yake fitarwa wadda bata da wari bata da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita, mutum yana barci zai wuce bai sani ba. Allah ya kiyaye mana, kwana ɗaya suka yi aka sallame su, amma daga ranar na ɗauke kaskon nan na kai shi bayan gida.

Toh ka ɗauke kasko me zaka ba tsohuwa? Na fara gwada hitar lantarki irin mai jan ƙarfe biyun nan, tana da kyau ba laifi, amma wuta a wajenmu sai ta ga dama, kuma daidai asuba da ake buƙata lokacin ne babu, in ma akwai tana shan yunit kamar me. Risho na kalanzir kuma wari da tsada, Inna da tarinta ba zata iya ba. Wani abokina da yake sayar da kayan gida na hannu a Jos shine ya fara ce min me zai hana ka gwada mai gas.

Na same ta a wani shago wajen Taminus, ta hannu ce amma da sauranta sosai. Akwati ce ta ƙarfe tsayinta ya kai min cinya, tana da taya huɗu kana tura ta, a gaba akwai faranti uku irin na tangaran masu ƙananan huji da raga ta kare su, ta baya kuma fili ne inda silinda mai kilo 12.5 ke shiga ta zauna a rufe. A sama maɓalli biyu ne, ɗaya ka danna ka riƙe gas ya taho, ɗayan ka ƙyasta ya bada tartsatsi kamar laita, sai wata ƴar ƙaramar wuta shuɗiya ta kama a ƙasa, zaka ci gaba da riƙewa kamar daƙiƙa ashirin sannan ka saki ka murɗa zuwa ɗaya ko biyu ko uku. A jikin farantin bayanta an rubuta 4.2kW, wannan shine in ka kunna duka ukun. Shawarata ga duk mai saye kar ka yarda ka biya sai an kunna a gabanka, ka tsaya ka ga farantan sun yi ja gaba ɗaya, in ka ga wani ya tsage ko wuta na yin ruwan ɗorawa tana lasar sama ka bar ta ko da kyauta ce. Guda biyu na sa mai shagon ya kunna min kafin na ɗauki ta ukun, har ya fara cewa Malam ai duk ɗaya ne, nace a'a uwata ce zata zauna gabanta.

Abin da ya fara bani wahala regulata, wato kan nan da ake ɗaurawa a bakin silinda mai daidaita ƙarfin gas. Wadda ta zo da ita daga waje bakinta bai hau kan silindarmu ba sam, dole na sake saye, kuma a nan mutane ke yin kuskure. Akwai irin wadda masu suya da masu tuya a bakin titi ke sawa, mai murɗawa ja wadda ke buɗe gas da ƙarfi, kar ka kuskura ka haɗa ta da hita. Hita mai ƙaramin ƙarfi take so, irin ta kukar girki ta gida, a jikin tawa an rubuta 28 zuwa 30 mbar sai na nemo mai wannan lambar daidai. Tiyon ma na cire tsohon dan ya bushe har ya fara tsatstsagewa, na sa sabo na ɗaure bakinsa biyu da kilif, sannan na kaɗa ruwan omo na shafa a duk mahaɗa, inda ka ga kumfa na tasowa toh nan gas ke fita. Har yau duk lokacin da na canza silinda sai na yi wannan, minti biyu ne, kuma dan Allah kar wani ya gwada da ashana.

Daren farko Inna ƙi tayi. Tace ni ba zaka kawo min bam ɗaki ba, ta ji labarin tukunyar gas da ta fashe a wani gari, tace gara sanyin. Ban ja da ita ba, na kunna a bakin ƙofa na zauna a gefe ina jan carbi, yara suka zagaye suna miƙa hannu. Shi zafin nata ba kamar na kasko bane da sai ka sunkuya kansa, yana fesowa ne gaba kamar hantsi, duk abinda ke gabanta yana ɗumama nan take tun kafin iskar ɗakin ta ɗau zafi. Can sai na ga Inna ta zuro ƙafa daga cikin bargo ta miƙe ta saitin wutar, ta ɗan jima shiru sannan tace Auta ɗan matso min da ita nan. Gwiwar nan da take kwana tana kuka da ita har sai an shafa mata man zafi, ranar da kanta ta tashi ta yi sallar isha'i a tsaye. Ba ina cewa magani bace, ciwon na nan, amma tsoho in jikinsa ya ɗumama motsi ma yana masa sauƙi. Kuma ba hayaƙi ba toka ba idanu na ruwa, zannuwanta sun daina warin gawayi, tarin da take yi da safe ma ya ragu sosai, wannan kam da idona na gani.

Yanzu maganar kuɗi, dan nasan ita kowa ke jira. In ka kunna faranti uku tana cin wajen giram 300 a awa, kaga kenan silinda mai kilo 12.5 awa arba'in da ɗan wani abu zata maka ta ƙare, in ka biye mata dare da rana ko kwana biyu ba zata cika ba. Faranti ɗaya kuwa wajen giram 100 ne a awa, silinda ɗaya ta kai ka awa ɗari da ashirin. Mu yadda muka tsara, da asuba in na tashi sai in shiga in kunna mata biyu na rabin awa ɗakin ya saki sannan in mayar ɗaya har zuwa bakwai da rabi lokacin rana ta fara leƙowa, da daddare kuma daga magariba zuwa tara da rabi. A haka silinda na mana sati biyu da ƴan kwanaki in sanyi ya tsananta, in da sauƙi ta kai sati uku harda ɗoriya. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu bara sau huɗu na cika. Ku lissafa da farashin kilo a inda kuke, mu dai tunda ya haye dubu ɗaya bai sake waiwayowa ba, kuma mu na ƙauye kullum sai mun biya sama da na cikin Jos, dan gas ɗin daga kudu tanka ke ɗauko shi ya hawo har tudun nan sannan mai shago ya saro ya ɗora nashi. Gaskiya ta fi gawayi tsada, ba zan ɓoye ba, duk da shima buhun gawayin yanzu ba sauƙi ne dashi ba kuma bishiyoyin turaren da aka dasa a kan tsofaffin filayen kuza duk an kusa sare su. Wanda abincin gidansa ma da ƙyar ne ba zan ce masa ya je ya sayi hita ba, shi dai in dole sai kasko toh ya bari garwashin ya gama kamawa a waje, ya ɗumama ɗaki ya fitar dashi kafin a kwanta, kar a kwana dashi ko sau ɗaya.

Wajen cika silinda nan ne na fi jin haushi. A ƙauyenmu mai gas ɗaya ne, yana da manyan tukwane yana juyewa a ƙanana, sau biyu ina kai masa ina ganin abu na ƙarewa kwana goma, har na fara zargin hitar ce ke zuba. Sai wani dattijo da yayi aikin sito a kamfani ya nuna min, a jikin kowace silinda wajen mariƙi akwai inda aka buga haruffa TW da lamba, wannan shine nauyinta ba komai a ciki. Tawa 14 ce, kaga in an cika ta ya kamata sikeli ya nuna 26 da rabi. Na aro sikelin masu sayen dankali na rataya ta, 24 da rabi, kilo biyu cur babu. Na koma na same shi nace Malam kaji tsoron Allah, yace wai sikelinsa ne ya samu matsala, ban ce komai ba na ɗauki kayata, tun daga ranar Bukuru nake kaiwa babbar tasha inda zaka tsaya a ɗora a gabanka ka ga lamba kafin a fara ka ga lamba bayan an gama. Wahalar ita ce ɗauka, ga kuɗin acaɓa zuwa bakin titi ga na mota, wani direban ma in ya ga silinda sai ya ce ba zai ɗauka ba. Dole na sayi ta biyu dan kar gas ya yanke mana tsakar dare, in ɗaya na ciki ɗaya na ajiye a waje ƙarƙashin rumfa a tsaye. Kar kuma ka ce a danna maka ta cika maƙil, ana barin fili a sama da gangan ne saboda gas ɗin ruwa ne a ciki kuma yana kumbura in ya ji zafi.

Wani abu da na lura, in silinda ta kusa ƙarewa kuma aka yi asubar nan mai tsananin sanyi sai wutar ta yi laushi, faranti na uku ya ƙi yin ja sosai, jikin silindar ya yi gumi daga ƙasa har zuwa inda ruwan gas ya tsaya. Ba lalacewa tayi ba, ruwan ne ke wahalar zama iska in ƙarfen yayi sanyi. Na ji masu cewa a zuba mata ruwan zafi ko a kwantar da ita ko a girgiza, ni dai ban yi ba kuma ban ba kowa shawara ba, mayar da ita faranti ɗaya kawai nake yi ta ci gaba.

Matsalar da ta fi ɗaure min kai a hunturu na biyu ta zo. Sai ka kunna ta yi minti biyar ta mutu, ka sake ta mutu. Ita wannan ƴar ƙaramar wutar ta ƙasa ashe ba ado bace, ita ce mai gadi, an yi ta ne yadda in iskar ɗaki ta fara ƙaranci zata ɗage daga kan wani siririn ƙarfe, ƙarfen ya huce, gas ya yanke da kansa. Na kai ma wani mai gyaran kuka ya duba yace oga ai wannan abu mai sauƙi ne, bari in ɗaure maka maɓallin da waya ya zauna a danne ba zata sake mutuwa ba. Wallahi jikina sai da yayi sanyi, na tuna yarinyata durƙushe a bakin ƙofa, nace masa bar shi na gode. Abin da ke tsare ran mutum shi za a kashe dan a huta da ƙyasta maɓalli? Na dawo gida na cire silinda na kwance ragar na haska tocila, ashe ƙurar hunturu ce ta toshe ɗan hujin da iska ke shiga wajen ƙaramar wutar, harda yanar gizo. Na sa famfon keken yara na hura na goge da burushi mai laushi, ban tsokana allura ba dan kar in buɗa hujin, ina mayarwa ta kama shuɗiya tsaf. Yanzu duk sati biyu ina hure ta, in ba a amfani da ita kuma Inna ta ɗinka mata riga da tsohon zani ana rufe ta. In taka ta riƙa mutuwa ka fara buɗe taga tukunna ka gani, sau da yawa gaskiya take faɗa maka, iskar ɗakin ce ta ƙare.

Tana kuma kawo laima, wannan ba wanda ya faɗa min kafin in saya. Gas in ya ƙone ruwa yake fitarwa, kowane kilo ɗaya sama da lita ɗaya da rabi na ruwa, yana fita a matsayin tururi. Cikin hunturu wannan ma alheri ne dan iskar a bushe take ƙamas, leɓe da hanci sun rage fashewa. Amma mu sanyi biyu ne damu, akwai na marka cikin Yuli da Agusta lokacin da za a kwana uku ana yayyafi ba a ga rana ba, da na kunna ta a lokacin sai kwano ya riƙa ɗiga da safe, bayan sif ya yi funfuna har wasu atamfofin Inna suka yi tabo. Yanzu a damina awa ɗaya kawai muke yi da ƙofa a buɗe rabi.

Doka ɗaya na kafa a gidan kuma ba na wasa da ita, ba a kwana da hita a kunne. Itama wuta ce tana cin iskar ɗaki, in ta samu matsala zata iya fitar da irin gubar da gawayi ke fitarwa. Taga kullum a ɗan buɗe take kamar faɗin yatsu uku, ba a shanya kaya a kanta, gidan sauro da labule nesa da ita, ƙananan yara kuma an ja musu kunne dan ragar gaban tana ƙuna. Tara da rabi in shiga in rufe daga kan silinda sannan in murɗe maɓalli. Na kuma sa an kawo min ƴar na'urar nan mai batir da ke ƙara in gubar ta taru, na kafa ta a bango saitin gadon Inna. Da farko in aka kashe ko awa ɗaya ba a yi ɗakin ya koma ƙanƙara saboda zafin duk ta kwano yake guduwa, sai bara bayan an sayar da kabeji na samu na buga silin na toshe ramukan da ke tsakanin bango da kwano, bambancin ba kaɗan ba, ɗumin yana kaiwa tsakar dare kuma faranti ɗaya ma yana isa yawancin ranaku. Da na sani da silin ɗin na fara kafin hitar.

Bana tun farkon Nuwamba na cika silinda biyun na ajiye kafin farashi ya motsa, na canza tiyo na hure ƙura. Shekaranjiya da yamma iska ta fara juyawa, ina shigowa daga lambu na tarar Inna ta cire mata rigar da kanta ta turo ta tsakiyar ɗaki, maƙwabtanta tsofaffi biyu na zaune kan tabarma da hular sanyi suna jira, tace Auta wanke hannu ka zo ka kunna mana, ɗaya kawai zaka sa kar gas ɗin ya ƙare.